Farashin da ke Waya da Farashin da ke Shago: A Yi Lissafi Kafin a Danna Oda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka domin mu sa baki a wata muhawara da ta cika majalisun Kano da zaurukan WhatsApp: mutum ya sayi kaya wurin mai shagon da ya sani ko da akwai ɗan tsada, ko ya danna oda a intanet inda ake nuna masa farashi ƙasa? Ana ta jan zancen kamar batun kishin gida ne da rashinsa. A ganinmu batun lissafi ne, kuma lissafin yana sauyawa daga kaya zuwa kaya.

Da farko, kada a ga laifin magidancin da ke neman sauƙi. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Albashi bai bi ta da wannan gudun ba. Wanda ya ga zai rage naira dubu goma a kan abu ɗaya, kuɗin cefanen kwana biyu ya gani. Ce masa ya haƙura saboda tausayin ɗan kasuwa ba zai yi tasiri ba, kuma shagon da tausayi kaɗai ke riƙe da shi ba zai daɗe a buɗe ba.

Sai dai kalmar "sayen intanet" ta haɗa abubuwa uku da ba su da kama. Akwai manyan kasuwannin cikin gida irin su Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara a Legas a 2012, kuma da yawa daga masu sa kaya a kansu 'yan kasuwa ne masu shaguna a Ikeja ko Alaba. Akwai na ƙetare irin su AliExpress da Temu, wanda ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024, inda kayan ke tasowa daga rumbunan ajiya na China. Sannan akwai masu talla a WhatsApp da Instagram da TikTok, waɗanda yawancinsu matan aure ne da 'yan mata da ke saro atamfa da leshi da mayafai a Kantin Kwari su ɗora 'yar riba. Wannan rukuni na uku dillaliyar da muka sani ce, ta ajiye ƙullin kaya ta ɗauki waya. Wanda ya saya a wurinta na gida ya taimaka, kuma kuɗinsa Kwari zai koma. Kuɗin da ke fita daga gari gaba ɗaya na rukuni na biyu ne, sai wani kaso na rukuni na farko.

Me ya sa kayan shago suka fi tsada? Ɗauki caja ɗaya a kasuwar waya ta Farm Centre. Daga Guangzhou ko Yiwu da ke China ta taso a kwantena, aka sauke ta a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can da ke Legas, aka biya kuɗin kwastan da harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari. Babban dila a Legas ya ɗora nasa. Mota ta yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa Kano da dizal mai tsada, ga abin da ake miƙawa a shingaye. Mai sari a Kano ya ɗora nasa, sannan ta iso hannun mai sayar da ɗai-ɗai. Shi kuma yana biyan hayar shekara tun kafin ya sayar da komai, ga kuɗin wuta ko man janareta, kuɗin gadi, kuɗin ƙungiya, harajin ƙaramar hukuma, abincin yaran shago. Akwai kuma abu biyu da mai saye ba ya gani. Na ɗaya kwantai: murfin wayar da aka daina yayinta ya zama asara, kuma ribar abin da ke tafiya ce ke rufe shi. Na biyu, ɗan kasuwa yana duba kuɗin da zai sake saro kayan ne, ba kuɗin da ya saro su ba. Shi ya sa farashi ke tashi ranar da dala ta tashi. Abin da ya kasa bayyana wa jama'a shi ne dalilin da ya sa ba ya sauka ranar da ta sauka, kuma za mu dawo kan wannan.

Kayan da aka yi oda kai tsaye daga China sun tsallake yawancin waɗannan hannuwa. Tun watan Satumban 2025 ma Hukumar Kwastan ta yafe haraji a kan ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya. Ke nan wanda ya yi odar caja goma daga ɗakinsa bai biya abin da mai kwantena ya biya ba. Wannan araha ce ta gaskiya. Amma akwai wata arahar da ba ta gaskiya ba: masana'anta ɗaya tana yin abu ɗaya hawa uku, hoto ɗaya, inganci daban. Akwai kuma ragin jan hankali, wanda ake yi wa sabon mai saye a odarsa ta farko, ba a maimaita shi a ta biyar.

Yanzu lissafin. Mu ɗauka, a matsayin misali, waya tana naira 165,000 a shago, a intanet 152,000. Tazarar 13,000 ce a ido. Ƙara kuɗin kawowa, a ce 3,000. Idan gidanka a cikin lungun da mai babur ba zai gane ba ne, ko ka zaɓi ka karɓa a ofishinsu, ƙara 1,000 na adaidaita sahu zuwa da dawowa. Gilashin kare fuska da murfi, waɗanda mai shago kan ba da gyara ko ya rage, a ce 3,000. Kwashe lambobi da hotuna da WhatsApp daga tsohuwar waya, wanda yaron shago ke yi a tsaye kana kallo, a wurin mai gyara a ce 1,000. Farashin intanet ya koma 160,000. Tazarar ta zama 5,000, kuma ba ka ma yi tayi ba tukuna. Farashin intanet ba a taya shi, na shago ana tayawa.

Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne wannan. Bayan an haɗa komai, idan tazarar ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba, a saya a shago, domin wannan ɗan bambancin shi ne kuɗin samun wanda za ka komawa. Idan tana tsakanin 10 da 25, a nuna wa mai shago farashin a waya, a ba shi dama ya matso. Idan ta wuce haka, ɗayan biyu ne: ko mai shagon ya zarce, ko kuma abin da ke cikin hoton ba shi ne abin da ke kan kanta ba. A nan ne ake buƙatar sanin kayan.

Fara da waya. Kafin ka biya a shago, danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta fito, wato lambar shaidar wayar, da wadda ke jikin kwali. Sa layinka ka kira, gwada kyamara, lasifika da wurin caji. Duk wannan minti goma ne. A intanet sai bayan kuɗi sun fita za ka yi shi. Wayar da aka ƙera don kasuwar China sau da yawa ba ta zuwa da Google Play, kuma garantinta ba ya aiki a nan. Wayoyin Tecno da Infinix da itel da aka shigo da su ta hanyar da ta dace suna da garanti a cibiyoyin gyaransu na Carlcare, amma za a nemi shaidar ranar da ka saya. Ga kuma matsalar tsohuwar wayar da aka sauya wa fuska da batir aka sake naɗe ta a leda kamar sabuwa. Wannan ha'incin yana faruwa a intanet, yana faruwa a shago. Bambancin shi ne mai shago gobe yana nan, kuma ƙungiyar kasuwa ta san lambar rumfarsa.

Fawa-bank kuwa, ko mai gaskiya ba ya ba da abin da aka rubuta a jikinsa, kuma ba yaudara ba ce. Batiran ciki suna aiki a bolt 3.7, waya tana karɓa a bolt 5. Mai 20,000mAh idan aka juya ya koma 14,800, a cire abin da ke tafiya a zafi ya rage wajen 12,500. Wato zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu da rabi, iyaka uku. Nauyinsa kuma yana kusan gram 400. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma bai fi sabulu nauyi ba, rubutun kawai ka saya. Wasu ma yashi ake ɗura musu don su yi nauyi, saboda haka nauyi kaɗai ba hujja ba ne, sai an haɗa da gwajin caji. Memori ma haka: akwai wanda zai nuna 128GB a waya alhali cikinsa 8 ne, kuma ba za ka gane ba sai ranar da hotunan biki suka ƙi buɗewa. Maganinsa a cika shi da bidiyo tun ranar farko, a buɗe na farko da na ƙarshe, ko a gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta.

Inda muka fi jan kunne shi ne kayan sola, domin kuɗin da yawa ne kuma kuskuren ba ya bayyana sai bayan wata biyu. Fanel yana da girman da ba ya ƙarya: mai watt 550 tsawonsa ya ɗan haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya. Wanda bai wuce ƙugunka ba amma aka manna masa takardar watt 500, takardar ce jabu. Batirin litiyam mai 100Ah a bolt 12.8 yana da nauyin kilo 10 zuwa 13, wanda ya zo kilo shida ba shi ba ne. Batirin ruwa mai 200Ah yana kai wa kilo 60, kuma idan ya daɗe a ajiye ba caji ya fara mutuwa tun kafin ya iso gidanka, don haka a duba ranar da aka ƙera shi. Sannan ga rigimar da ta fi kowace yawa: ka sayi inbata a intanet, batir a wani wuri, ka kira mai haɗawa. Ranar da wuta ta fara ɗaukewa ƙarfe biyun dare, mai haɗawa zai ce batir ne, mai batir zai ce an yi masa lodi fiye da ƙima, mai inbata kuma ba ya ɗaukar waya. Wanda ya sayi komai a hannu ɗaya, da haɗawa, mutum ɗaya zai riƙe. A irin wannan kaya ko tazarar ta kai kashi 20 muna ganin shago ya fi sauƙi. A kula kuma da kayan wutar da aka yi wa Amurka masu bolt 110: namu 230 ne, jonawa ɗaya sai hayaƙi.

Atamfa da shadda da leshi, waɗannan zuwa da kai ya fi saƙo. Fuskar waya tana ƙara wa launi haske, mai hoto kuma yana ɗauka a ƙarƙashin fitila. Shuɗin da aka gani ya kan iso toka-toka. Hoto ba ya nuna nauyin yadi, ba ya nuna ko sitaci ne ya ba shi ƙyalli, ba ya nuna ko zai zuba. A Kwari ana murza gefe a ji, a jiƙa farin ƙyalle a goga a gani, a duba rubutun bakin yadi, a sa a auna a gabanka a tabbatar turmin yadi shida ne, ba biyar da rabi ba. Mai haɗa lefe ko ankon biki na mutum arba'in da ya yi cinikin biri a sama, ranar da kaya suka iso lokacin gyara ya ƙure. Idan dole a saya wurin mai talla a waya, a nemi bidiyo a hasken rana, a fara da turmi ɗaya. Takalmi kuma a auna tsawon ƙafa da santimita, domin lamba 43 ta wata masana'anta 41 ce a wata.

Magani da kayan shafe-shafe da madarar jarirai ba wurin neman araha ba ne. A tsaya wurin da za a ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa da ido.

Amma akwai kayan da intanet ya yi nasara a kansu, kuma ɓoye wannan rashin adalci ne. Ƙananan abubuwa marasa wuta, waɗanda ba sa buƙatar awo kuma ba a gaggawarsu: kayan kicin na roba, kayan ado, jakar makaranta, kayan aikin tela da na masu kwalliya. Sai abin da babu shi a kasuwa sam, kamar wani ɗan ƙaramin sashe na na'ura da mai gyara ya zaga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa bai samu ba. A nan a yi oda, amma da ƙa'ida. A karanta ra'ayin waɗanda suka saya, musamman masu ƙorafi da masu sa hoton abin da ya iso musu. A karanta girman da aka rubuta da santimita, kada a dogara da hoto, domin tukunyar da ta cika fuskar waya tana iya zama ta wasan yara. A zaɓi biya bayan an kawo idan akwai. Kada a yarda mai kaya ya ja ka waje ka tura kuɗi asusunsa na kansa, domin da ka fita daga manhajar ka fita daga kariyarta. A ɗauki bidiyon buɗe kwali tun daga leda ba yankewa, shi ne hujja idan an zo mayarwa. A kuma san kwanakin da aka ba da na mayarwa, waɗanda kan fara ƙirguwa daga ranar karɓa. Abin dubu uku da ya taso daga China, gaskiya idan ya lalace yawanci haƙura ake yi.

Mai tireda na bakin layi kuwa yana sayar da wani abin da babu shi a kowace manhaja: littafin bashi. Shi ne ke ba da taliya da man gyaɗa ranar 20 ga wata a biya ranar 30, ba ruwa ba takarda. Shi ne ke ƙulla sukari da omo daidai kuɗin da ke hannun yaro. Magidancin da ke kai tsabar kuɗinsa wani wuri idan albashi ya shigo, ya dawo wa mai tireda sai ranar da aljihu ya bushe, yana cinye jarin da yake dogara da shi ne, domin mai tireda da kuɗi hannu yake sari a kasuwar Singa. Adalci shi ne inda kake karɓar bashi, can za ka kai wani kaso na cinikin kuɗi hannu.

Akwai wata ɗabi'a kuma da ya kamata a faɗa ƙarara. Mutum ya shiga shago, a sauke masa takalma takwas, ya gwada ya gano lambarsa, ya ɗauki hoton kwali, ya ce zai dawo, ya fita ya danna oda. Ya ci moriyar haya da wuta da ƙafar yaron shago bai biya ba. Abin da ya fi shi ne ya fito fili: "Alhaji, na gan shi a kaza a intanet, nawa za ka bar mini?" Ko ya sallama, ko ya ce albarka, kowa ya san inda ya tsaya.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawa daga waɗanda suka koma intanet ba araha ce kaɗai ta kore su ba, gajiya suka yi. Gajiya da farashin da ake yankawa bayan an dubi takalminka da motarka. Gajiya da "wallahi orijina ne" a kan abin da mai shagon ya san hawa na uku ne. Gajiya da allon nan na "kaya idan sun fita ba sa dawowa". Gajiya da farashin da ya hau da dala ya ƙi sauka da ita. A waya kowa farashi ɗaya yake gani, mai babbar riga da mai singileti. Hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kowane ɗan kasuwa ya san shi. Dokar ƙasa ma ta yi magana: dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta wajabta bayyana farashi, ba da shaidar ciniki a rubuce, da faɗa wa mai saye idan kayan na hannu ne ko gyararru. Ta kuma ba shi damar mayar da kaya masu aibi cikin wata uku a gyara, a sauya, ko a maido masa kuɗinsa. Wancan allon bai goge wannan haƙƙin ba.

Abin da ɗan kasuwa zai yi ba mai tsada ba ne. Rasit mai sunan shago da lambar rumfa da kwanan wata da lambar jikin kayan. Garanti a rubuce a bayan rasit ɗin, ko na kwana bakwai ne, a kuma faɗi abin da bai shafa ba, kamar faɗuwa da shiga ruwa. A jera hawa ukun a kan kanta, a ce wannan na kaza ne zai yi wata uku, wannan na kaza zai yi shekara, mai saye ya zaɓa da saninsa. A sa kaya da farashinsu a WhatsApp na kasuwanci, a ɗauki yaro ɗaya mai babur ya kai cikin gari a ranar. Wannan ita ce fa'idar da rumbun China ba zai taɓa samu ba: abin da zai yi mako biyu ko uku a hanya, daga Farm Centre zuwa Hotoro ko Kabuga awa ɗaya ne. Ƙananan 'yan kasuwa biyar ko goma kuma suna iya haɗa kuɗi su saro kai tsaye, su cire hannu ɗaya ko biyu daga tsakani. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a farkon 2023, don irin wannan aka yi ta, kuma ya rage wa gwamnati ta sa jirgin ƙasa da kwastan su yi aiki yadda kwantena za ta iso Kano a kuɗin da ya fi na tirela sauƙi.

Ga shugabannin ƙungiyoyin Kwari da Farm Centre da Sabon Gari da Singa, roƙonmu ɗaya ne: kowace kasuwa ta buga rasit iri ɗaya mai hatimin ƙungiya, ta ware tebur ɗaya na karɓar ƙorafi, a rubuta lambar wayarsa a kowace ƙofar shiga, a kuma sa wa'adin kwana uku na yanke hukunci tsakanin mai saye da mai rumfa. Wanda aka kama da jabu sau biyu a liƙa lambar rumfarsa a allon sanarwa, a kuma miƙa batunsa ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano.

Mun gode da wannan fili, Malam Edita. Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar harkar kasuwa,
Kano.